Turanci a Makarantunmu: Baƙo Ne Ko Ɗan Gida?



Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama, ko da yake mun san a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi mu sani nesa ba kusa ba. Mu ɗalibai ne kawai, ba mu zama masana ilmin harsuna ba tukuna. Amma abin da za mu yi magana a kansa abu ne da muka ɗanɗana shekara goma sha biyu kafin mu iso nan, muka kuma sake ganinsa da idonmu sa'ad da muka koma gida hutu muka taimaka da koyarwa a makarantun garuruwanmu. Watau yadda ake koya wa yaran Hausawa Turancin Ingilishi, tun daga firamare har jami'a.

Kafin mu shiga magana muna roƙon kowa ya yi ɗan lissafi a zuciyarsa. Ka tuna da yaran da kuka shiga aji ɗaya tare, ka ƙidaya su, sa'an nan ka duba nawa ne suka kai inda ka kai. Wasu talauci ya tsai da su, wasu aure, wasu rasuwar iyaye. Amma kowannenmu ya san aƙalla mutum guda wanda ya fi shi kaifin ƙwaƙwalwa, wanda ya sauke Alƙur'ani tun yana ƙarami, wanda yake lissafin kuɗin kasuwa a ka ba tare da alƙalami ba, amma yau yana gida saboda ya zauna jarrabawar Turanci sau biyu ko sau uku bai samu kiredit ba. Ba a shiga jami'a a ƙasar nan sai da kiredit a Turanci, kuma jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta wajabta Turanci a kan kowa, ko likita zai zama ko malamin Larabci. Don haka maganar nan ta shafi makomar 'yan'uwanmu ne kai tsaye.

Baƙo ne ko ɗan gida?

Masana sun bambanta harshe na biyu da baƙon harshe. Harshe na biyu shi ne wanda ba a haife ka da shi ba, amma kana jinsa a titi da kasuwa da ofis, kana bukatarsa yau da kullum. Baƙon harshe kuwa shi ne wanda ba ka gamuwa da shi sai a cikin aji. A takarda, Turanci harshe na biyu ne a Nijeriya, tun da da shi ake mulki da shari'a a manyan kotuna, kuma tsarin mulkin 1999 ya sa shi a gaba wajen gudanar da aikin Majalisar Tarayya. Ga yaron da ya tashi a Legas ko Fatakwal wannan gaskiya ce, domin yana jin Turanci ko buroka tun yana rarrafe.

To, amma yaron da ya tashi a ƙauyen Kano ko Katsina ko Sakkwato fa? Da Hausa uwarsa ta yi masa tawai, da Hausa ake aikensa, da Hausa ake yi masa wa'azi, da Hausa rediyo ke ba ubansa labarin duniya. Har Inyamurin da ke sayar da magani a bakin tasha da Hausa yake ciniki da shi. Wannan yaro ba shi da inda zai ji Turanci sai minti talatin ko arba'in na darasi. Ɗan'uwansa da ke Maraɗi ko Damagaram, a can gaba da iyaka, shi an gaya masa a fili cewa Ingilishi baƙon harshe ne, sai ya shiga sakandare ake fara masa shi daga tushe. Namu kuwa an ɗauka ɗan gida ne, aka ba shi littattafai iri ɗaya da ɗan Legas, aka yi musu jarrabawa ɗaya, sa'an nan ana mamakin yadda ya faɗi.

Wannan shi ne abin da muka zo mu faɗa a yau. Turanci baƙo ne a wurin yawancin yaranmu, kuma muddin ba mu yarda mu koyar da shi yadda ake koyar da baƙon harshe ba, za mu ci gaba da yaye ɗalibai waɗanda ba su ga tsuntsu ba su ga tarko, ba Turancin, ba kuma ilmin da aka so ba su da Turancin.

Abin da magabata suka yi

Ba yau aka fara wannan muhawara ba. Sa'ad da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa aka fara koyarwa. Haka makarantun elementare na En'e suka tafi a ƙasar Hausa: yaro ya koyi karatu da rubutu da lissafi da Hausa, sai ya wuce midil a ɗora masa Turanci sosai. Waɗanda suka yi fice su aka riƙa ɗauka zuwa Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922. Daga nan Sa Ahmadu Bello ya fito, daga nan Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, mutumin da har yau ake yabon Turancinsa, kuma shi ne dai ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Alhaji Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce, wanda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, shi ma ɗan wannan kwaleji ne. Sanin Hausa bai rage musu Turanci da komai ba.

Amma kada mu yaudari kanmu. Su ƙalilan ne, zaɓo su aka yi, azuzuwansu ƙanana ne, kuma malamansu da yawa Turawa ne masu harshen. Talakan da ke ƙauye bai ga wannan gata ba. Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, sai yara suka yi ambaliya fiye da yadda aka yi tsammani, aka horar da malamai cikin gaggawa, aka tura su azuzuwa kafin su nuna. Shirin alheri ne, kuma iyayen da yawa daga cikinmu ta nan suka ga allo. Sai dai tun daga lokacin muka gaji wata matsala, watau malamin da ba shi da Turancin ana sa shi ya koyar da komai da Turanci.

Inda Hausa da Turanci suka saɓa

Malamin da ya ɗauki Turanci baƙon harshe, abu na farko da zai tambayi kansa shi ne, ina ne ɗan Bahaushe zai yi tuntuɓe? Wuraren sanannu ne, ba su kuma da yawa.

Na farko lafazi. Hausa ba ta raba sautin "p" da "f" ba, shi ya sa yaro zai ji "pan" da "fan" kamar kalma ɗaya. Ba mu da "v", sai "very" ta koma "berry". Ba mu da sautin da ke farkon "think", sai ta zama "sink". Haka nan Hausa ba ta son baƙaƙe su yi cunkuso ba wasali a tsakani, kuma ga shaida a kalmomin da muka aro: burodi, buroshi, direba, firamare. Waɗannan duk ba dakikanci ba ne, kunne da harshe ne suka bi abin da suka saba. Wasalin Hausa biyar ne, kowanne da dogo da gajere, Turancin Ingila kuwa yana da sautin wasali wajen 20. A nan ma akwai inda Hausa take taimako, domin yaron da ya san bambancin "fari" na launi da "fari" na farawa ba zai sha wuya ba wajen raba "ship" da "sheep", in malam ya nuna masa ta wannan hanya.

Na biyu rubutu. Hausar boko kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Turanci kuwa haruffa 26 ne suke ɗauke da sauti wajen 44, har ka ga haruffa huɗu iri ɗaya a ƙarshen "though" da "through" da "tough" da "cough", amma kowace da yadda ake faɗinta. Yaron da aka fara masa karatu da irin wannan rubutu, cikin harshen da ba ya ji, an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda: koyon karatu da koyon harshe.

Na uku ma'ana da ginin jimla. Kalmar "ji" a wurinmu ta kunne ce, ta hanci ce, ta jiki ce, ta fahimta ce, don haka yaro zai ce ya "hear" wari. Muna cewa "ara mini" da "na ara", sai ya ce "borrow me". In ka tambayi Bahaushe, "Ba ka ci abinci ba?" zai ce, "I, ban ci ba," in ya juya wannan zuwa Turanci sai ya ce "yes" a inda Bature zai ce "no". A Hausa mota mace ce, littafi namiji, sai yaro ya kira mota "she". Aikatau a Hausa ba ya sake kama don lokaci ya wuce, muna cewa "ya tafi", "zai tafi", Turanci kuwa sai "go" ta rikiɗe ta zama "went".

Duk wanda ya san harsunan biyu zai iya hango waɗannan kurakurai tun kafin yaro ya yi su, ya kuma warware kowanne cikin minti biyar da Hausa. Amma ta yaya zai yi haka alhali an haramta masa Hausa a aji?

Yadda aka koya mana

A makarantar da wasunmu suka yi akwai wani guntun katako da aka ɗaura wa igiya. Duk wanda aka ji ya yi Hausa sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya shiga farautar wani da zai miƙa wa, wanda aka tashi yana wuyansa ya sha bulala. Abin da wannan ya koya mana shi ne yin shiru da leƙen asirin juna. Yaron da bai gane darasi ba, ba shi da Turancin da zai yi tambaya, ba shi da izinin yi da Hausa, sai ya sunkuyar da kai. Hausawa sun ce tambaya rabin ilmi, mu kuwa wannan rabin aka fara ƙwace mana.

Sauran rabin kuma hadda ce. Malam ya rubuta ma'anar suna da aikatau a allo, mu kwafa, mu rera da ƙarfi har a ji mu a bakin hanya. Mun san ma'anar "adverb" kamar Fatiha, amma in baƙo ya tsaya ya tambaye mu hanyar asibiti sai gumi. Jarrabawar ma ta ɗaure wa wannan gindi, domin a jarrabawar WAEC ta Turanci, har takardar da ke gwada lafazi a rubuce ake amsa ta, ɗalibi ya zaɓi harafi ya shafa, ba tare da ya buɗe baki ba. Ɓarnar ba ta tsaya a darasin Turanci ba. Yaron da ya faɗi lissafi ko kimiyya, sau da yawa tambayar ce bai gane ba, lissafin kuwa da ya iya.

Ba malamai muke zargi ba. Mutum ɗaya a gaban yara tamanin ko ɗari, ba littafi, albashi ba ya zuwa kan kari, shi kansa da hadda aka yaye shi, me zai yi? Ruwa ba ya tsami banza.

Darasi daga zaure da darasi daga Ife

Abin mamaki shi ne, mu Hausawa mun daɗe da sanin koyar da baƙon harshe. Ku shiga zauren kowane malamin ilmi da asuba. Almajiri ya buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya karanta gaɓa ɗaya da Larabci, malam ya fassara da Hausa, ya yi bayani, ya kawo misali daga rayuwar gari. Ba mu taɓa jin malamin da ya doki almajiri don ya yi tambaya da Hausa ba. Ta wannan hanya ƙasar nan ta haifi malamai da suka wallafa littattafai da Larabci, irin su Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u. Hanyar tana da rauninta, domin ana samun wanda ya iya karatu amma magana ta gagare shi. Duk da haka tushenta daidai ne: daga abin da ka sani ake kai ka ga abin da ba ka sani ba.

Bincike ma ya goyi bayan haka. A 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji, inda aka koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarabanci har shekara 6, Turanci kuwa aka ware shi darasi mai zaman kansa a hannun malamin da aka horar musamman. Da aka gwada su da yaran da aka juya zuwa Turanci tun da wuri, ba a same su a baya ba a Turancin, a sauran darussa kuma sun yi kyau. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ita ma ta ce a fara da harshen uwa ko harshen yankin, daga baya a koma Turanci. A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta amince a tsawaita wannan zuwa shekara 6. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar an soke tsarin, an mai da Turanci harshen koyarwa tun daga farko, yana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawa.

Damuwar Minista gaskiya ce, faɗuwar muna ganinta. Amma cikin ladabi muna cewa, yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 bai gama firamare ba a 2025, balle ya zauna jarrabawar fita sakandare. Waɗanda suke faɗuwa yara ne da aka koyar da su da littafin Turanci, a bakin malamin da ke gauraya harsuna biyu a ɓoye, ba tsari, ba horo. Ba a koya musu Hausa da kyau ba, ba a koya musu Turanci da kyau ba.

Mun san akwai mai cewa, ai masu kuɗi makarantun Turanci zalla suke kai 'ya'yansu, ku kuna so ku bar ɗan talaka da Hausa. Wannan magana tana da nauyi, kuma dole mu amsa. Ɗan mai kuɗi yana jin Turanci a gida da talabijin da wayar hannu, ajinsu mutum ashirin, don haka a wurinsa harshe na biyu ne. Ɗan talaka yana da haƙƙin ya iya Turanci kamar kowa, kuma saboda wannan haƙƙi ne muke neman a koya masa ta hanyar da za ta kai shi. Akwai kuma mai cewa Arewa ba Hausa kaɗai ba ce. Haka ne, kuma abin da muka faɗa ya shafi ɗan Kanuri da Bafillace da Banufe da Tibi, kowa daga harshen da ya fi ji za a ɗauko shi.

Mu a jami'a

Kada mu ɗauka mu da muka tsallako mun tsira. Mun sha zama a lacca muna rubuta abin da ba mu gane ba, da dare mu taru a ɗaki wani ya warware mana da Hausa. Darasin Turanci da ake wa 'yan shekarar farko a babban zaure ake yinsa, ɗaruruwan mutane a gaban malami guda, ba mai duba rubutun kowa. Ɗalibin aikin gona da na shari'a da na likita Turanci iri ɗaya ake ba su, alhali kowa da irin wanda yake bukata. Sakamakon haka yayyenmu da ke ofisoshi sun fi mu sani: wasiƙa mai layi goma sai an sake ta sau uku, ko a kwafo tsohuwa daga fayil a canza kwanan wata.

Abin da muke roƙo

Na ɗaya, ko da wane harshe doka ta ce a koyar, a tabbatar yaro ya iya karanta harshensa tukuna, domin karatu sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa, daga nan sai a ɗauke shi zuwa kowane harshe.

Na biyu, a fara Turanci da baki da kunne tun daga aji ɗaya, da gaisuwa da waƙa da wasa da ciniki, a kuma ba da shi ga malamin da aka horar don wannan aiki, wanda ya san harsunan biyu.

Na uku, a bi kalmomi a kan tsari. Tun 1953 wani masani Bature, Michael West, wanda ya daɗe yana aikin ilmi a Bengal, ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 da aka fi amfani da su a Turanci. In yaro ya riƙe biyar a rana, kwana biyar a mako, cikin mako 80 ya gama su, watau shekarar karatu biyu da 'yan watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

Na huɗu, a jefar da katakon nan da bulalarsa, a sa littattafan labarai masu sauƙi a kowane aji. Harshe da yawan ji da yawan karantawa yake shiga.

Na biyar ya rataya a wuyanmu. Ku da kuke ma'aikatar ilmi da hukumomin firamare da kwalejojin horon malamai, fayilolin nan ta teburinku suke bi, kuna iya sa baki. Mu ɗalibai kuma muna da dogon hutu kowace shekara. Kowannenmu ya tara yara goma a zauren gidansu, ya yi musu awa ɗaya kullum, ya yi musu bayani da Hausa, ya sa su magana da Turanci ba tare da an yi wa kowa dariya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma zauren nan cike yake da hannuwa. Mun roƙi sakataren ƙungiya ya ajiye takarda a bakin ƙofa, duk mai niyya ya rubuta sunansa da garinsu kafin ya fita, don mu san inda za mu fara a hutu mai zuwa.

Shugaban taro, abin da ya sawwaƙa ke nan. Inda muka yi kuskure malamanmu su gyara mana, Allah kuma ya sa mu amfani na bayanmu da abin da muka koya.